Yadda Ake Gina wa Damo Mazauni da Ciyar da Shi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kiwon wasu dangin damo da ke rayuwa bisa itace, irin koren nan na tsibirin Sabuwar Gini da baƙin nan na tsibiran Aru na Indunisiya. Dabbobin kurmi ne masu son raɓa da laima, kuma busasshiyar iskar yankinmu na Adar za ta kashe su. Namu a Takanamat da sauran karkarar Tahoua shi ne damo, wanda yara kan kamo ƙananansa a gonakin hatsi da damina. Ana kiran sa sarkin haƙuri, kuma haƙurin nan ne ke cutar da shi a hannun mutane: ba ya kuka, ba ya nuna ciwo, sai dai a wayi gari ya mutu. Wanda ya ɗauki amanarsa, ga abin da ya wajaba a kansa.

1. Tantance abin da ke hannunka. Damo gajere ne mai kauri, mai faffaɗan kai da launin ƙasa, tsawonsa ba ya cika wuce mita 1. Guza kuwa, da ake samu kusa da tafkuna irin na Tabalak, tana kai mita 2, ga cizo ga bulalar wutsiya, ba ta dace da gida ba.

2. Nemi izini. Dokar farauta da kare namun daji ta Nijar ta 1998 ta tsara kamu da riƙon dabbar daji, kuma yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin duk dangin damo tsakanin ƙasashe. Je wurin ma'aikatan gandun daji kafin ka aza tubali ko ɗaya.

3. Gina ɗaki, ba keji ba. Babban damo na bukatar wuri mai tsawon mita 2 da rabi, faɗi mita 1 da 'yan kai, tsayi ma haka. Ka yi ginin da bulon siminti, ka daɓe ƙasan, domin faratansa na huda bangon laka. Ka shafe bangon ciki ya yi santsi, ka rufe sama da ragar waya mai ƙarfi da sakata, don kada ya fita, kare da kyanwa kuma kada su shiga.

4. Zuba ƙasa mai zurfi. Nan ne mafi yawan masu kiwo ke kuskure. Damo mai haƙa rami ne, a cikin rami yake tsere wa zafi da ƙishirwa. Ka gauraya rairayi da jar ƙasa, zurfin ya kai santimita 60. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka damƙi ƙasar, in ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, ta yi. Ka riƙa zuba ruwa a kusurwa ɗaya don can ƙasa ya zauna da danshi ko da saman ya bushe.

5. Raba rana da inuwa. Rabin ɗakin ya sha hantsi, ka ajiye faffaɗan dutse a nan don ya gasa jikinsa, domin sai da zafi abinci ke narke masa, kuma hasken rana kai tsaye ke ƙarfafa ƙashinsa. Kada ka sa gilashi a tsakani, yana tare amfanin hasken. Ɗaya rabin ka rufe da zana, ba da kwano ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tahoua kan wuce digiri 40, damon da ba shi da mafaka zai iya mutuwa a yini guda. Da hunturu kuma ka lulluɓe ragar da buhuna in dare ya yi.

6. Sa masa abin hawa da ruwa. Ƙananan damo gwanayen hawan itace ne. Ka jingina busasshen kututture mai kaushin ɓawo, ka kifa fasasshen tulu ya zama maɓoya. Ka binne faffaɗan kasko har bakinsa, ka canza ruwan kullum, domin yakan yi kashi a ciki.

7. Ciyar da shi cimarsa ta daji. Abincin damo fara ce, da gyare, da buzuzu, da gwazarma, da katantanwa. Ƙarami a ba shi kowace rana, babba sau 2 ko 3 a mako. Ka daka ɓawon ƙwai ya yi laushi, ka barbaɗa a kan ƙwarin. Kada ka ba shi farar gonar da aka yi wa feshi, ko ta kasuwa mai gishiri da yaji. Tuwo da fura ba nasa ba ne, yawan nama da kitse kuma na lalata masa hanta. Don tanadin rani, ka kiwata gyare a cikin bokiti da dusa da ɓawon kayan lambu. In rani ya shiga ya rage ci ya lafe a rami, ɗabi'arsa ce, kada ka tono shi.

8. Duba lafiyarsa da taka. Gindin wutsiyar mai lafiya cike yake, idanunsa tar, harshensa na fita a kai a kai. Zurmawar ido, laushin muƙamuƙi ko jan ciki a ƙasa alama ce ta a nemi likitan dabbobi. Kada ka ɗaga shi ta wutsiya. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, domin kashinsa na ɗauke da ƙwayar cutar gudawa, kuma ka nisanta jarirai daga wurin.

Damo kan wuce shekara 10 in ya samu kulawa, don haka ka auna ƙarfinka tun yau. In ka ga ba za ka iya ba, mayar da shi gonar da aka kamo shi tun damina ba ta wuce ba, yayin da ƙwari ke da yawa kuma ƙasa ke haƙuwa.