Me Baƙo Ke Zuwa Gani A Katsina?

A darasin labarin ƙasa an tambaye mu abin da ke jawo baƙi zuwa babban birni. Da yawanmu muka hau lissafo Abuja da Alƙahira da Nairobi, muka manta cewa mu ma a babban birni muke zaune. Katsina ta zama hedikwatar jiha ran 23 ga Satumba, 1987, amma tun ɗaruruwan shekaru kafin nan fadar sarauta ce, kuma zangon fatake masu ƙetara Sahara.

Mu fara da abin da ke gaban idonmu. Hasumiyar Gobarau, wadda muke wucewa ta gindinta kullum da jakar littattafai, tsawonta ya kai wajen mita 15, kuma da ƙasa aka gina ta, babu siminti babu ƙarfe. Masana tarihi suna danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Masallacin Juma'a ne a wurin, da makarantar da almajirai ke zuwa daga nesa, kuma daga samanta ake hango ƙurar mahara tun ba su iso ganuwa ba. Wani ɗan ajinmu ya ce bai taɓa hawanta ba sai da suka yi baƙo daga Legas, ya matsa masa ya raka shi. Mun yi masa dariya, amma da aka ƙirga, yawancinmu haka muke.

Daga nan sai tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Balewa duk a cikin azuzuwanta suka zauna. Yau gidan tarihi ce. Ga Gidan Korau, ga hawan Sallah a Ƙofar Soro, ga filin folo, wasan da ya kafu a nan tun zamanin Sarki Dikko.

Ganuwa ce ta fi damunmu. Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri suna nan da sunayensu, har da Ƙofar 'Yanɗaka, inda Lugga ya shigo a 1903. Amma katangar da ta haɗa su fa? Ginin ƙasa yana son yaɓe bayan kowace damina. Da aka daina yaɓen, ruwa ya ci nasa, masu ɗibar ƙasa suka ci nasu, gidaje suka hau sauran. A wurare da yawa sai dattijo ya nuna maka da sanda inda ta bi.

Ta fuskar arziki, Katsina garin iyaka ce. Hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ita ce jijiyar kasuwarmu, kuma mutanen can 'yan uwanmu ne, don sarakunansu daga nan suka tashi bayan jihadi. Da aka rufe iyaka a 2019, kowa ya ji a cefanen gidansu.

Dajin Rugu kuwa, da a ce akwai zaman lafiya, da can za mu nemi zuwa yawon buɗe ido. A yanzu sai dai madatsar ruwa ta Ajiwa, inda ruwan famfonmu ke fitowa.

Aikin wannan mako: kowa ya tambayi kakansa ko kakarsa inda ganuwa ta bi a unguwarsu, ya zana a takarda, ya kawo wa sakataren kulob kafin ranar Alhamis. Za mu haɗa taswira ɗaya mu manna a wannan allo.