Masu tsaron murjani a Bahar Maliya

Murjani sananne ne a ƙasar Hausa. Mata suna sa shi a wuya don ado. Mutane da yawa suna tsammani dutse ne, amma wasu ƙananan halittu ne na cikin teku suke gina shi. Murjani iri-iri ne. Akwai ja na ado, akwai kuma mai yin tudu a ƙarƙashin ruwa. Kowace halitta tana yi wa kanta ɗaki mai tauri. Idan ta mutu, wasu su yi gini bisa nata. Wannan gini ba ya sauri: wani murjanin santimita 1 kawai yake ƙaruwa a shekara.

Tudun murjani gidan kifaye ne. Nan suke ɓuya, nan suke samun abinci, nan suke hayayyafa. Idan ya lalace, kifi ya watse, masunta su rasa abin kamawa.

Bahar Maliya, tekun da alhazai suke ƙetarewa zuwa Makka, tana da murjani mai yawa. A bakinta, cikin ƙasar Masar, akwai wani gari mai suna Hurgada. Baƙi suna zuwa can daga ƙasashe masu nisa, su shiga jiragen ruwa, su yi nutso don kallon murjani da kifaye. Duk jirgin da zai tsaya, sai ya jefa anga. Anga ƙarfe ce mai nauyi, mai ƙugiya. Idan ta faɗa kan murjani sai ta farfasa shi. Abin da ya yi shekara 50 yana girma, ya karye nan take.

Masu nutso na garin suka ga ɓarnar da idonsu. Suka gane cewa idan murjani ya ƙare, baƙi za su daina zuwa, sana'arsu ta mutu. A shekara ta 1992 suka kafa ƙungiya mai zaman kanta, suka sa mata suna HEPCA. Ga dabarar da suka yi: su nutsa, su kafa ƙarfe a ƙasan teku, su ɗaura masa igiya mai ƙarfi. A ɗaya bakin igiyar su ɗaura wani abu kamar gora, wanda yake tsayawa bisa ruwa. Jirgi ya zo, ya ɗaure a nan, ba sai ya jefa anga ba. Sannu a hankali suka kafa irin wannan maɗauri fiye da 1.000.

Ƙungiyar ba ta tsaya nan ba. Ƴan sa-kai suna kwashe shara a bakin teku da cikin ruwa, domin leda tana lulluɓe murjani, tana kuma kashe kunkuru idan ya haɗiye ta. A shekara ta 2019, bisa shawarar ƙungiyar, gwamnan yankin ya hana amfani da leda da kofin roba waɗanda ake jefarwa bayan aiki ɗaya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'anar kalmomi
murjani: le corail
anga: l'ancre
ɗan sa-kai: wanda yake aiki don amfanin jama'a, ba don a biya shi ba
ƙungiya mai zaman kanta: ƙungiyar da ba ta gwamnati ba

Tambayoyi
1. Wa yake gina murjani?
2. Me yake faruwa da masunta idan tudun murjani ya lalace?
3. Yaya anga take ɓata murjani?
4. Wace dabara ƙungiyar HEPCA ta yi?

Aiki
Ku nemi Masar da Bahar Maliya a taswira. Ku rubuta jimla uku kan aikin gayya da aka taɓa yi a garinku.