Hanyoyin Gano Musabbabin Durƙushewar Cibiyar Manhaja a Uwar-garke Mai Cunkoso

Tsakure

Maƙalar ta bayyana matakan da masana kwamfuta ke bi wajen gano dalilin durƙushewar cibiyar babbar manhaja, tare da gabatar da kalmomin fannu da za su sauƙaƙa koyar da batun cikin Hausa. An dogara da tsarin Linux, kasancewarsa mafi yaɗuwa a kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet.

1.0 Gabatarwa

A yau, rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa da mujallun jami'o'i duk suna ajiye ne a uwar-garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Duk da haka, Bahaushe kan tara kowace irin tangarɗa cikin jimla ɗaya: "babu sabis". A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, saboda matsalar tsaro. Mazaunin Runka ya rasa hanyar isa ga shafuka a lokacin, alhali kwamfutocin da ke ɗauke da su suna lafiya. Yankewar hanya daban, durƙushewar uwar-garke daban, kuma bambance su shi ne matakin farko na bincike.

2.0 Ma'anar Cibiyar Manhaja

Cibiya ita ce sashen babbar manhaja da ke raba wa sauran manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya, take kuma shiga tsakaninsu da sassan na'ura. An zaɓi kalmar "cibiya" a kan "ƙwaya" domin ta fi nuna matsayin mahaɗa. Linus Torvalds ne ya fitar da cibiyar Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Idan ƙaramar manhaja ta yi kuskure, cibiya kan kashe ta, aiki ya ci gaba. Idan kuwa kuskuren a cikin cibiyar yake, kuma ya yi tsanani, sai ta tsayar da komai da gangan don kada bayanai su gurɓata. Wannan shi ne durƙushewa.

3.0 Matakan Bincike

3.1 Tsare shaida. Saƙon ƙarshe na cibiya sau da yawa ba ya kai wa ga faifai, don haka hanzarin sake kunna na'ura kan shafe shi. Tsarin kdump yana keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa tun da farko. Da an durƙushe, cibiya ta biyu za ta tashi daga wurin ta kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar zuwa fayil mai suna vmcore. Haka nan netconsole kan aika saƙonnin zuwa wata kwamfutar.

3.2 Bin sawu. Ana buɗe fayil ɗin da manhajar crash. Umarnin bt yana jero ayyukan da cibiya ta bi har zuwa inda ta faɗi. Sai dai wurin faɗuwa ba lallai ne ya zama wurin laifi ba, domin wani direban na'ura na iya ɓata ƙwaƙwalwa tun da daɗewa kafin wani sashe ya yi tuntuɓe da ɓarnar.

3.3 Kwatanta aukuwa. Idan sawun iri ɗaya ne a kowane karo, zargi na kan manhaja. Idan yana sauyawa, sai a duba ƙwaƙwalwa da Memtest86+, a kuma lura da zafi da rashin daidaiton wutar lantarki, waɗanda ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa.

3.4 La'akari da cunkoso. Wasu kurakuran ba sa bayyana sai ayyuka biyu sun yi rige-rigen taɓa bayani ɗaya a lokaci guda. Shi ya sa uwar-garke kan zauna lafiya watanni, ta faɗi a makon rajista. Cunkoso ba ya haifar da tsagar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

3.5 Tambayar abin da ya sauya. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani fayil ɗin sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, har aka soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama. Direban kamfanin, mai aiki a cikin cibiya, ya yi yunƙurin karanta bayani na 21 alhali 20 aka ba shi. Lokacin sabuntawar da lokacin durƙushewar sun zo daidai, wanda ya sa aka gano tushen cikin sa'o'i kaɗan.

4.0 Kammalawa

Binciken durƙushewa ya rataya ne a kan tanadin da aka yi kafin aukuwarta. Jami'ar da ta ɗora mujallunta da kundayen digirinta a intanet tana buƙatar kunna kdump, da rubuta kowane sauyi da kwanan watansa, da gwada sabuntawa a na'ura ɗaya kafin sauran. Ga manazarta Hausa kuwa, kalmomin cibiya da durƙushewa da sawu shawara ce da ke jiran tantancewar masana harshe da na kwamfuta.