Gadar Pennybacker da Tafkin da Ke Ƙarƙashinta

A yammacin birnin Austin, cikin Jihar Texas ta Amurka, akwai wata gadar ƙarfe da aka buɗe a shekarar 1982, ana kiranta Gadar Pennybacker. Tsawonta mita 351 ne, amma babu ginshiƙinta ko ɗaya da ya taɓa ruwa. Wani makeken baka na ƙarfe mai faɗin mita 183 shi ne ya tsallake Tafkin Austin, sa'an nan aka rataye titin a jikinsa da igiyoyin ƙarfe 72.

Hikimar baka ita ce yakan karɓi nauyi daga sama, ya tura shi gefe da gefe zuwa tushensa biyu. Magina soro sun daɗe da sanin haka a ginin bakan gizo. Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan da kwali: a lanƙwasa shi tsakanin manyan littattafai biyu, a ɗora masa ɗan nauyi, zai tsaya. Da zarar an janye littafi ɗaya, sai ya baje. Aikin littattafan nan shi ne tushen gadar ke yi a gaɓoɓin tafkin.

Jan launin gadar kuwa ba fenti ba ne, tsatsa ce. An haɗa ƙarfen da 'yar tagulla da wasu ma'adinai, saboda haka tsatsar kan yi ɓawo mai ƙarfi wanda ke hana iska da damshi cin abin da ke ciki.

Shi tafkin, Kogin Kolorado na Texas ne aka datse. A gindin gadar akwai gangara inda masu shaƙatawa da masu kamun kifi ke tura jiragen ruwansu. To, a nan ne ilmin halittu ya shigo. A 1999 aka ga wata ciyawar ruwa 'yar asalin Asiya, watau haidirila, a tafkin. Guntunta ɗaya da ya maƙale a jirgi ya isa ya zama sabon tsiro a wani wuri. Kafin a ankara ta yi tabarma a kan ruwan, tana sarƙe farfela da masu iyo.

Daga 2003 hukumomi suka riƙa zuba wani kifi mai cin ciyawa, wanda aka mayar bakarare don kada ya hayayyafa. Zuwa 2013 haidirila ta kusa ƙarewa. Sai dai kifin bai san baƙuwa da 'yar gida ba, ya haɗa da tsirran asali ya cinye, ƙananan kifaye suka rasa maɓoya, wanda kuwa ba ƙaramar asara ba ce ga tafkin da ya yi suna wajen kamun kifi. Dokar Texas ta wajabta wa mai jirgi ya cire duk ciyawar da ta maƙale, ya kuma tsiyaye ruwan jirginsa kafin ya bar bakin tafki.