Koyon Zane Ga Wanda Ya Fid Da Rai

Da yawa daga cikinmu sun riga sun yanke hukunci cewa zane baiwa ce, wanda ba a haife shi da ita ba kada ya wahal da kansa. Mu ma haka muka ɗauka, har ran da aka tura mu gwajin koyarwa. Muna yi wa 'yan aji biyu darasin tsabtar ruwan sha, muka ɗauki alli muka zana tulu a allo. Da muka juyo muka tambaya ko mene ne wannan, sai wani yaro ya miƙe da ladabi ya ce albasa ce. Aji ya tuntsire da dariya, darasin kuwa bai sake komawa kan hanya ba. Ran nan muka gane malamin da za shi ƙauye, inda babu hoto babu taswira sai abin da hannunsa ya fitar, ba shi da halin ya ce zane ba nasa ba ne.

Da muka zauna muka yi nazari, sai muka ga hannu ba shi da laifi. Ai hannun nan ne ya koyi babbaƙu da farfaru a makarantar allo, da alƙalamin gamba wanda ya fi fensir gardama, a rubuta, a wanke, a sake rubutawa, har ya faɗa. Ba wanda ya taɓa ce mana rubutu baiwa ce, bulalar malam ma ba ta bari a faɗi haka. Aibin a ido yake. Mun san bakin tulu da'ira ne, saboda haka muka zana da'ira. Amma wanda ya ajiye tulu gabansa ya dube shi daga gefe zai ga bakin ya matse kamar ƙwai a kwance, in kuwa ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da bakin, sai ya ga ya koma layi guda miƙaƙƙe. Watau abin da muka sani ya rufe mana abin da muke gani.

Maganin wannan awo ne. A miƙe hannu sarai, a riƙe fensir a tsaye, a rufe ido ɗaya. A daidaita kan fensirin da bakin tulun, a sa babban yatsa inda wuyan ya ƙare. Wannan shi ne ma'auni. Sa'an nan a duba sau nawa zai shiga tsawon tulun duka, a kwantar da fensirin a duba sau nawa zai shiga faɗin cikinsa. Kada a lanƙwasa gwiwar hannu, gama da ta lanƙwashe awon ya ɓaci. 'Yan ɗakinmu sun yi ta yi mana ba'a, wai mun zama maharba masu auna barewa, amma yanzu biyu daga cikinsu sun shiga farautar.

Muka ware minti 15 kullum bayan la'asar, da littafi guda, kowane shafi da kwanan watansa, ba a yage ko ɗaya. Muka fara da layuka da da'ira, kana ƙwarya, da buta, da fartanya, da ganyen mangwaro, muna ajiye su kusa da taga don inuwa ta faɗi gefe guda. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zana mai rai ba, irin waɗannan sun ishe shi aikin aji.

Lalle makonnin farko babu daɗi. Tulu na goma sai muka ga kamar ya fi na fari muni, har muka yi niyyar bari. Ashe ido ne ya riga hannu gaba, yana ganin kuskuren da dā yake wucewa. A nan yawancin mutane kan tsaya. Abin da ya riƙe mu shafukan nan ne da ba mu yage ba, da muka jera na farko da na ranar muka ga bambanci da idonmu.

Allon aji kuma da nasa hali. A takarda yatsu ke aiki, a allo kuwa daga kafaɗa ake motsa hannu, a yi zane babba, sa'an nan a koma bencin baya a dube shi yadda yara za su gan shi. Makon jiya muka sake zana tulun, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tudu, amma yaran sun kira sunansa. Yanzu taswira muke fama da ita, yadda Kwara da Binuwai suka haɗu a Lakwaja.