DARASI NA 14: GYARAN JITA MAI LANTARKI

A ƙarshen damina muka je duba wani aji a ƙasar Kafur. Da aka tashi daga karatu, sai wani saurayi, yaron kafinta, ya zo ya durƙusa, ya ce, "Malam, ina da mara lafiya a gida, ko za a duba mini shi?" Muka ce, "Ai mu ba likitoci ba ne." Ya yi dariya, ya ruga, ya komo da wani abu cikin buhun taki. Da ya kwance, sai ga jita. Shi ya sassaƙa ta da hannunsa shekara uku da suka wuce. Wuyanta ya tanƙware kamar baka, fenti ya ɓaɓɓare, tsirkiya biyu sun tsinke, sauran huɗun sun yi tsatsa. In an haɗa ta da lasifika, ba abin da a ke ji sai gurnani. Mahaifinsa kuwa ya ce ran da itacen girki ya ƙare, ita za a fara faskarawa.

Mu dai ba hukuncin kiɗa ya kawo mu ba, wannan na malamai ne. Abin da muka gani shi ne aikin hannu na wata da watanni zai tafi murhu, alhali kuwa yana gyaruwa.

Kowa a nan ya san garaya da molo da gurmi. To, jita 'yar'uwarsu ce, sai dai tsirkiyarta shida, kuma ta ƙarfe. Kada wani ya raina ta don a gida aka yi ta. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna, kuntigi kuwa ɗan gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya. A Nijar akwai wani Ba'azbine, mutumin jihar Tawa, ana kiransa Mdou Moctar. Jitarsa ta fari da kansa ya haɗa ta, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na fari a 2008, daga baya ya yi wasa a Turai da Amurka. Su ma Turawan haka suka soma. Wajen 1940 wani Ba'amurke, Les Paul, ya ɗaura tsirkiya a jikin wani guntun katako mai kauri, har a ke kiran abin gungume.

Kafin mutum ya gyara abu, sai ya san yadda ya ke aiki. Garaya tana da ƙoƙo da fata, su ke ƙara mata murya. Jita mai lantarki ba ta da ƙoƙo. Falankin katako ne kawai, in ka kaɗa ta haka nan, wanda ke zaure ba zai ji ba. Asirin yana ƙarƙashin tsirkiya. Akwai maganaɗisu a wurin, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi. A jitar kanti a kan yi naɗi 7,000 zuwa 8,000. Wannan shi za mu kira kunnen jita. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a gaban maganaɗisun, sai 'yar wuta kaɗan ta tashi cikin wayar, ta bi igiya zuwa akwatin ƙara murya, shi kuma ya ba lasifika. Wanda ya taɓa hawan keke mai fitilar da ke shan wuta daga gugar taya ya riga ya ga irin wannan: maganaɗisu, da naɗin waya, da motsi. Ku lura fa, maganaɗisu ba ruwansa da izgar doki ko jijiya ko roba. In ka sa wa jita irin wannan tsirkiya, kunnen ba zai ji kome ba.

Muka ce wa saurayin ya fara da kwancewa. Amma kafin ya taɓa sukudireba, muka sa ya ɗauko littafinsa da fensir, ya zana wayoyin kamar yadda su ke, ja ina ta nufa, baƙa ina ta nufa. Ƙusoshi da 'yan ƙarafuna kuma aka zuba cikin gwangwanin madara, aka rufe. Mutane da yawa sun iya kwancewa. Wurin mayarwa a kan ji su shiru.

Sa'an nan muka duba wuyan. Muka tambaye shi, "Da wane katako ka yi?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ɗanye ne, Malam. Sauri na ke yi." To, ga ciwon. Ɗanyen katako ya kan sha ruwa da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi, ya motse. Ga tsirkiya shida suna jansa dare da rana, ƙarfin jansu kuwa ya kai kilo 40 zuwa 50, watau kusan buhun taki guda. Yaya ba zai tanƙware ba? Wasu su kan ɗaure irin wannan wuya a jikin miƙaƙƙen katako, su gasa shi kaɗan-kaɗan har ya miƙe. Ya kan miƙe, amma sau da yawa ya kan koma gidan jiya. Mu shawararmu a sake sabo. Maigidansa ya ba shi ƙafar wani tsohon gado na maɗaci, wanda ya ga damina da rani fiye da ashirin, ya gama duk motsin da zai yi. Maɗaci itace ne mai kyau ga wannan aiki. Har masana'antun ƙasashen waje suna yin jita da danginsa.

Yanzu mun zo wurin da ya fi kowane wuya, ku kasa kunne. A kan wuyan jita akwai 'yan ƙarafuna a gicciye, kamar matakan tsani. Su za mu kira matakai. In ka danne tsirkiya a kan mataki, ka rage tsawonta ke nan, sai muryarta ta ƙara tashi. Mai garaya ba ya bukatarsu, kunnensa da yatsansa su ke nemo masa wurin. Jita kuwa inda aka kafa mataki, nan murya za ta tsaya, ko daidai ko karkace. Saurayin nan da ido ya kafa nasa, da ido kuma ya ɗora jaki, watau abin da tsirkiya ke hawa a ƙasan jita. Shi ya sa tun tana sabuwa, in an bi wuyan an yi sama, sai a ji kamar mawaƙi da 'yan amshi sun saɓa.

Ga ƙa'idar. Ka auna tsirkiya daga inda ta tashi a kan wuya zuwa jaki. Jitar kanti da yawa inci 25 da rabi ce. Mu muka zaɓi inci 24 don lissafi ya yi sauƙi. Raba 24 gida 18, ka sami inci 1 da sulusi. Nan ne mataki na fari. Abin da ya saura inci 22 da sulusi biyu ne. Shi ma raba shi gida 18, abin da ka samu ka auna daga mataki na fari, ka kafa na biyu. Haka za ka yi ta yi, kullum kana raba abin da ya saura, shi ya sa matakan ke ƙara matsuwa. Masu masana'anta da 17.8 da ɗan ɗoriya su ke rabawa, amma 18 ta isa aikin gida. Akwai kuma hanyar gane kuskure: mataki na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya. In daga sama zuwa gare shi inci 12 ne, to daga shi zuwa jaki ma inci 12 ne, da ɗan ƙari da bai wuce kaurin ashana ba. Da muka auna tsohon wurin jakinsa, sai muka tarar ya zarce da inci guda cur.

Dare uku ajin nan suna wannan lissafi a allo. Wani dattijo, manomin auduga, wanda kullum ya kan ce rabawa ta fi ƙarfinsa, shi ya kama kuskure a mataki na bakwai. Ya ce, "Kai, yaro, sake dubawa. In haka a ke auna mini auduga a Funtuwa, da na talauce."

Gurnanin kuwa ba wani babban abu ba ne. Akwai wata waya da ke tashi daga jaki ta haɗu da jikin mahaɗar igiya, tsatsa ta cinye ta. Mai gyaran rediyo a Malumfashi ya sake ta, ya like da dalma, gurnani ya ragu ƙwarai. Shi kunnen lafiyarsa lau, ba a taɓa naɗinsa ba. Kada ku sa wuƙa ko allura kusa da shi. Waya ɗaya ta tsinke a ciki, naɗin duka ya tashi aiki.

Saura kwalliya, wadda ita saurayin ya ƙosa a yi tun ran fari. Sai an kankare tsohon fenti sarai. A nan muna da gargaɗi. Wani fentin akwai dalma cikinsa, ƙurarsa kuwa guba ce, balle ga ƙananan yara. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara ɗaruruwa. Don haka a yi kankara a waje, nesa da madafa, a ɗaure hanci da baki, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Ramukan da ƙwari suka yi a cike su da garin katako da gam. In ya bushe sai a goge da samfefa. Ku juya bayan samfefa za ku ga lamba. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. A fara da 80, a koma 120, a ƙare da 220. A riƙa bin tsawon katakon, kada a gicciya, gama zanen gicciye ba ya ɓuya, fenti ma ƙara tona shi ya ke yi.

Lokacin shafi ma abin dubawa ne. Tsakiyar damina fenti ba ya bushewa da wuri, banish kuma ya kan yi fari-fari kamar hazo. Cikin hunturu kuwa ya bushe nan da nan, amma ƙura ta manne masa. Mu da kaka muka yi, kafin iska ta juyo. Aka yayyafa ruwa a daɓen ɗaki don ƙura ta kwanta, aka buɗe taga, aka rataye gangar jitar a azara da waya. Ba fitilar kananzir, ba taba, gama ruwan da a ke tsinka fenti da shi ya kan kama wuta kamar fetur. Shafi siriri sau huɗu ya fi mai kauri sau ɗaya. Kowane shafi a bar shi ya kwana, a goge kaɗan da samfefa mai lamba 400, sa'an nan a ƙara. A na uku saurayin ya kasa haƙuri, ya taɓa da yatsa don ya ji ko ya bushe. Wannan yatsa kwana biyu ya jawo masa.

Mun so a bar katakon da launinsa, shi kuwa kore ya ke so, irin na motar haya. Aka raba gardama: ganga ta sha kore, tun da farin katako ne mara kyan gani, wuya kuwa aka shafa masa banish, jan maɗaci ya fito. Inda wuya ke zama cikin ganga ba a shafa kome ba, don katako ya kama katako.

Abu ɗaya ya rage, shi ne kuwa mai kisa. Wutar da jita ke yi da kanta ba ta ko kashe sauro. Amma akwatin ƙara murya mai shan wutar gari ko ta janareta, in ya lalace a ciki, yana iya turo wuta ta bi igiya har tsirkiya, ga ta kuwa a hannunka. A 1976 wani mawaƙin Ingila, Keith Relf, ya mutu cikin gidansa ta wannan hanya. Kada a kaɗa da jiƙaƙƙen hannu, ko ƙafa ba takalmi a ƙasa mai laima. In ka ji tsirkiya ta ɗan ja ka, ko kaɗan ne, kashe akwatin, kai wa mai gyara. Ga ƙauye, akwati mai aiki da batir ya fi kwanciyar rai.

Ran da aka ɗaura sababbin tsirkiyoyi, muka sa ya kaɗa ta fari a sake, sa'an nan ya danne ta a mataki na 12. Murya ɗaya ce ta fito, ta biyun tana bisa ta farin, kamar uwa da 'yarta. Mahaifinsa na zaune a bakin zaure bai ce uffan ba. Can sai ya ce a miƙo masa. Ya juya ta, ya shafa wuyan da tafin hannu, ya ce, "To, tun da ka iya awo haka, ƙofar rumbun nan ta daɗe tana jiranka."

Gobe kowa ya zo da rula ko tef ɗin tela. Za mu ɗauki tsirkiya mai inci 27, mu nemo inda mataki na fari da na 12 za su zauna.