ABIN DA KE SA A SAURARI ƘASA A DUNIYA

A babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, ko babba ce ko ƙarama. Amma akwai ƙasar da in wakilinta ya yi gyaran murya sai zaure ya yi tsit, akwai kuma wadda nata zai yi ta jawabi kujeru suna wayam. Mene ne ya bambanta su? Galibi akan ce yawan jama'a, ko faɗin ƙasa, ko soja, ko ma'adinai. Duk waɗannan Allah ya hore wa Nijeriya, saboda haka tarihinta ya isa a auna maganar da shi.

A watan Nuwamba 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da ƙungiyar MPLA a kan ita ce gwamnatin Angola. Shugaban Amurka, Gerald Ford, ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa don ya karkata ra'ayinsu. Nijeriya ta buga wasiƙar kowa ya gani, ta ce ba ta yarda ba. A watan Janairu 1976 Murtala ya tafi Addis Ababa ya maimaita matsayin a gaban Ƙungiyar Haɗa Kan Ƙasashen Afirka. A 1979 kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta karɓe hannun jarin kamfanin BP ana gab da taron ƙasashen renon Ingila a Lusaka, inda za a tattauna batun Rodeshiya. Shekara na zagayowa Rodeshiya ta zama Zimbabwe mai mulkin kanta.

Jaruntaka ce, babu shakka. Sai dai mai karatu ya lura da abin da ta jingina a kai. A 1979 ƙasar nan tana haƙo ɗanyen mai fiye da ganga miliyan 2 kowace rana, Amurka kuwa tana cikin manyan masu saye. Da kasuwar mai ta faɗi, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, a 1986 kuɗin ganga ya sauko ƙasa da dala 15, aka karya darajar naira, muka koma zaman sasantawa da masu binmu bashi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Jama'armu ba ta ragu ba a waɗannan shekaru, ƙasa ba ta tsuke ba, sojanmu ma ya je Laberiya a 1990 ya yi aikin da duniya ta yaba. Abin da ya ragu shi ne ikon cewa a'a.

Wanda yake son ya ga tushen matsalar da idonsa, ya bi hanyar Kaciya daga Kaduna. Kafin ya kai Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, zai hango matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 don ta tace ganga 100,000 a rana. Wani kaso na ɗanyen man namu ne, ta bututu aka tsara ya riƙa zuwa daga Kudu. Kuɗin ginin ma namu ne. Amma kamfanin da ya gina ta, Chiyoda, na Japan ne, ƙasar da kusan duk man da take ƙonawa sayo shi take yi daga waje, wadda kuma aka ragargaza a yaƙin da ya ƙare a 1945. Mai rijiya ya ɗauko wanda ba shi da rijiya ya saƙa masa guga. Japan makarantu ta rungume, da horon ma'aikata, da riƙon alkawari a ciniki, har duniya ta wayi gari ba ta iya yi sai da injunanta. Ƙasa tana yin ƙarfi ne in wasu suna bukatar abin da hannun mutanenta ya iya, domin ma'adini akan same shi a wani wuri, gwaninta kuwa sai wurin mai ita.

Sayen masana'anta abu ne mai sauƙi ga mai kuɗi. Riƙe ta shi ne aiki. Lissafin da kamfanin mai na ƙasa ya fitar ya nuna a 2018 matatar Kaduna ba ta shigo da kuɗi ba, alhali ana kashe mata. Masaƙun Kakuri, waɗanda suka soma da Kaduna Textiles a 1957, manyansu sun rufe a shekarun 2000.

Kada kuwa a ce fasaha baƙuwa ce a wannan yanki. A Nok, cikin ƙasar Jaba, aka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna mutanen wannan zamani suna narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

In aka wuce Kujama aka nausa kudu zuwa Kaciya, Kagarko da Kwoi, an shiga ƙasar citta, wadda 'yan kasuwar duniya suke nema saboda yajinta da yawan manta. Manomi ya shuka, mata su tsaga su shanya, a ɗura a buhu a kai tashar jirgin ruwa a Legas. A can ƙetare ake tatse man, a sa a magani da abin sha, a can kuma ribar take zama. A 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin, ta halaka amfani mai yawa. Irin wannan annoba ba ta jin bindiga. Masana ilmin tsirrai take bukata, da iri mai tsabta, da malamin gona da zai isa ƙauye kafin damina ta faɗi.